Wakilin Karɓar Haya da Jinginar Gida

Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, wasu suka ƙaura zuwa Ƙauran Namoda, suka bar gidaje a hannun wakilai. Rigimar da nake hangowa ta jingina ce. Wanda aka wakilta karɓar haya ba shi da ikon jinginar da gida. Fiƙihun Malikiyya bai yarda wakili ya wuce inda aka tsayar da shi ba. A 1989 kuma, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da gwamna bai amince da ita ba. Amma fa mai gidan da ya karɓi kuɗin rancen ya kashe, ko an rushe jingina, sai ya biya bashin.