Masara: Daga Duwatsun Meksiko Zuwa Rumbunan Ejura

Duk wanda ya shiga kasuwar Techiman ko ta Ejura a lokacin kaka, ya ga buhunan masara jibge kamar tsauni, zai ɗauka tun fil azal da wannan hatsi aka san ƙasarmu ta Gana. Alhali kuwa masara baƙuwa ce. Gero da dawa su ne 'yan gida. Ita kuwa ba ta taka yammacin Afirka ba sai a ƙarni na 16, lokacin da jiragen ruwan Turawan Fotugal suka fara zirga-zirga tsakanin gaɓar tekunmu da nahiyar Amurka. Masana harshe na ganin sunan da mu Hausawa muka laƙaba mata daga Masar ya samo asali, wato ta wata hanyar ta arewa ita ma ta iske kakanninmu. To amma ita Masar ɗin ma zango ce kawai masara ta yada a can.

Asalinta kudancin ƙasar Meksiko ne. Kimanin shekara 9,000 da suka wuce, mutanen kwarin kogin Balsas suka fara kula da wata ciyawa da ake kira teosinte. Wanda ya ga ciyawar nan ba zai ce uwar masara ba ce, domin 'ya'yanta ba su wuce goma sha biyu a zangarniya ba, kuma kowace ƙwaya tana cikin ɓawo mai tauri kamar tsakuwa. Shekara bayan shekara manoman nan suna ware wadda ta fi girma da laushi su ajiye don shuka, har aka wayi gari ciyawa ta zama goyon masara. A wani kogo mai suna Gila Nakits, cikin jihar Wahaka, an tono totuwar masara da ta haura shekara 6,000. Abin lura a nan shi ne masara ba ta iya yaɗa kanta. In goyo ya faɗi ƙasa da ɓawonsa, 'ya'yan za su tsiro a cunkushe su kashe juna. Dole sai hannun mutum ya ɓare ya shuka, kuma haka aka yi ta yi ba fashi tun wancan zamani.

Ba mamaki mutanen can suka ɗauke ta da girma ƙwarai. Tsohon littafin ƙabilar Maya mai suna Popol Vuh ma cewa ya yi da ƙullin masara aka yi mutanen farko. Mu dai mun san wannan tatsuniyarsu ce, amma tana nuna matsayin hatsin a zukatansu. Gonarsu ta gargajiya suna kiranta milpa: masara da wake da kabewa a fili guda. Wake ya hau karan masara ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya hana ciyawa da bushewa. Manomin da ya saba surka gero da wake ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Akwai kuma wata dabara tasu wadda ba ta biyo masara zuwa wajenmu ba. Kafin su niƙa, sai su dafa tsabar cikin ruwan toka ko na farar ƙasa, ta kwana a ciki, sannan su wanke. Wannan jiƙon yana sakin wani sinadarin gina jiki da ke ɗaure cikin ƙwayar. Ƙasashen da suka karɓi masara ba tare da dabarar ba, suka kuma dogara da ita kaɗai, irin su arewacin Italiya da kudancin Amurka, sun sha fama da cutar pelagra mai ɓata fata da rikita hankali. Mu abin da ke rufa mana asiri shi ne miya. Tuwon zafi ko dokunu ba a cinsa gaya, sai da gyaɗa ko wake ko kifi.

Har yau ana ƙirga nau'in masarar gargajiya 59 a Meksiko, akwai fara da rawaya da ja da shuɗiya da baƙa, wata ta kan tudu mai sanyi, wata ta kwari mai zafi. Ba gwamnati ce ta riƙe su ba, iyalai ne. A ƙauyukan Wahaka an kafa rumbunan iri na gari, inda manomi zai kai nasa a ajiye, in fari ko guguwa ta cinye masa gona ya je ya ranta, bayan girbi ya mayar. Suna kuma yin taron musayar iri. A shekarar 2025 ƙasar ta sa a tsarin mulkinta cewa ba za a shuka masarar da aka sauya wa ƙwayar halitta ba, don gudun kada ta gurɓata nasu na gado.

Yanzu mu dawo gida. Ni ba na cikin masu zagin irin zamani. A 1992 Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke kusa da Kumasi ta fitar da Obatanpa, wato uwa tagari da harshen Twi, masarar da ta fi sauran gina jikin yara, kuma tushenta daga cibiyar CIMMYT ta Meksiko ya fito. Kyawunta shi ne manomi na iya ɗibar iri daga gonarsa ya sake shukawa har damina biyu ko uku. Irin aure kuwa, wanda ake sayarwa cikin leda, shekarar farko yakan cika rumbu, amma in ka shuka 'ya'yansa sai gona ta fito gajere da dogo, amfani ya ragu. Kowace damina sai ka koma kanti da kuɗi a hannu. Shekarar da kuɗin suka yanke ko irin ya makara fa? Dattawan da suka ga yunwar 1983, shekarar fari da gobarar daji, sun san yadda gida kan cinye irinsa, ruwa ya sauka babu abin shukawa. Kuma duk tsohon irin da aka daina shukawa shekara uku ko huɗu, ya tafi ke nan, don ƙwayar masara ba ta daɗewa da rai a zafinmu.

Shi ya sa nake ganin kowane zango mai manoma ya kamata ya ware ɗaki guda, ƙarƙashin kulawar Sarkin Zango da wasu dattawa mata, don su ne suka san wace masara ce ta fi daɗin koko, wace ce ke nuna da wuri. A rubuta sunan iri da na mai shi da shekarar girbi. 'Yan makaranta ma za su iya riƙe littafin.

Wajen zaɓe, a shiga tsakiyar gona tun masara na tsaye, saboda iska ke ɗaukar garin furenta, kuma ta bakin iyaka ta riga ta gauraya da ta maƙwabci. A ɗebi goyo daga kara masu yawa, ɗari ko fiye, waɗanda ɓawonsu ya rufe baki ruf. A cire 'ya'yan kai da na gindi a kai wa masu tuwo, a bar na tsakiya. A shanya har ƙwaya ta riƙa ƙaras a haƙori. Iyayenmu kan rataye goyo bisa murhu hayaƙi ya kore ƙwari, ko su zuba tsaba a tulu da toka su liƙe baki da laka. Amma tun da babban ƙwaron nan mai huda hatsi ya ɓullo a Togo a 1984, ya tsallako yankin Volta, rataya kaɗai ba ta isa, don har itacen rumbu yake ci. Shi ma, abin dariya, daga ƙasashen su masara ya zo. Buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ko garwa mai murfi, su ne maganinsa.

Saura mako biyu a yi shuka, a ƙirga ƙwaya 100 a binne a jiƙaƙƙen yashi. Bayan kwana bakwai a ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 85, irin na da kyau. In sun gaza haka a ƙara yawan ƙwaya a rami, in kuwa ko 60 ba su kai ba, a nemi wani wajen maƙwabta tun ruwa bai zauna ba.