Yawon Babur Daga Gombe: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Kama Hanya

A Gombe babur abin neman abinci ne. Da shi ake acaɓa daga Tashar Dukku zuwa Pantami, da shi ake kai yara makaranta, da shi ake ɗauko buhun masara daga gona. Shi ya sa idan mutum ya ce zai hau babur ya je bakin ruwa don kawai ya buɗe ido ya dawo, sai a riƙa kallonsa kamar wanda kuɗi suka yi wa yawa, balle yanzu da fetur ya yi tsada tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Amma fa idan aka yi lissafi, babu hanyar ganin ƙasa da ta kai babur araha. Ƙaramin babur irin Boxer ko Jincheng ko Haojue, wanda ke ƙofar gidan kusan kowa, ya isa ya kai ka wuraren da mutane da yawa aka haifa a Gombe ba su taɓa takawa ba. Sharaɗin shi ne ka iya lissafin lokaci, domin mai babur da awa yake auna hanya, kuma hasken rana ne jarinsa.

Wurin farawa Dadin Kowa ne. Daga cikin gari ka kama hanyar Biu ta gabas, ka wuce Liji da Kwadon, tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba. Mai tafiya a natse zai isa cikin awa guda. A nan ne, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, gwamnatin tarayya ta datse kogin Gongola, aka kammala ginin a 1984, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin da ido ba ya ganin ƙarshensa ta arewa. Ruwan famfon da ake sha a Gombe daga nan ake tace shi a turo. Akwai tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40, wadda ta shafe fiye da shekara 30 tana jiran a kammala ta bayan an gama dam ɗin. A ƙasan madatsar kuma gonakin rani ne, shinkafa da masara da kayan miya, ga Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya a garin. Idan ka ɗaga kai za ka hango Dutsen Bima, wanda ya shahara a labaran mutanen da game da bayyanar Mahadi.

Jikin dam ɗin kansa wuri ne mai tsaro. Akwai masu gadi, kuma ba a shiga ko ɗaukar hoto a ko'ina yadda aka ga dama. Ka tsaya, ka kashe babur, ka cire hular kwano su ga fuskarka, ka yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka. In sun ce ga iyaka, to nan ne iyaka. Ni dai a ganina daɗin wurin ma yana wajen masunta, inda ake sauke tarwaɗa da karfasa da safe, a yi ciniki, a soya maka nan take in kana so.

Sai dai ruwan nan yana da masu shi. Akwai dorina a Gongola, kuma manoma da masuntan yankin sun daɗe suna kuka da ɓarnar da take yi musu a gona, har da asarar rai. Dorina ba ta cin nama, amma tana kifar da kwale-kwale, kuma a tudu ta fi mutum gudu. Da yamma take fitowa kiwo, wanda wannan kaɗai ya isa dalilin barin bakin ruwa da wuri. Abu na biyu tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon-koɗi da ke ruwa mai kwanciya, ta shiga ta fatar mai wanka ko mai wanki, bayan makonni mutum ya fara ganin jini a fitsari. Ruwa ya yi kyau a ido bai hana shi ɗauke da ita ba. Don haka wankan tafki ba dole ba ne. Kwale-kwale kuwa, in za ka shiga, ka ƙirga mutanen da ke ciki, ka tambayi rigar kariya, in ka ga an cika shi maƙil ka haƙura. Ruwan dam ba kamar na rafi ba ne da zurfinsa ke ƙaruwa a hankali. Akwai inda taku ɗaya ke raba gwiwa da nutsewa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan yawo shi ne daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, wajen Oktoba da Nuwamba: tafki ya cika, duwatsu na kore, rana ba ta yi zafi ba. A Disamba da Janairu hazo yana rufe nesa, sanyin safiya kuma a kan babur sai wanda ya ɗanɗana, yatsu sukan sandare har kama birki ya yi wuya. A Maris da Afrilu zafi yana kaiwa digiri 40, iskar da ke dukan mai babur tana busar da gumi bai ma san yana rasa ruwan jiki ba, sai jiri ya zo. Agusta watan ruwa ne, hanyoyin burji sukan yi taɓo, rami ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa.

Wanda ya saba da Dadin Kowa sai ya juya kudu, hanyar Yola. Bayan Kumo da Billiri ƙasa tana sauyawa, duwatsu su fara tsayuwa dama da hagu har Kaltungo, tafiyar da ta ɗara kilomita 70. Daga can ana hawa tsaunin Tula, inda tsohon kurkukun zamanin Turawa yake, kuma hawan kansa shi ne abin zuwa gani: kwana bayan kwana, kwari na buɗewa a ƙasa. Hawa ba shi ne matsala ba, gangarowa ce. Wanda ya saki babur a furi ya dogara ga birki kaɗai, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. A ƙaramar giya ake sauka. Gaba kuma akwai dam ɗin Balanga a yankin Talasse, ƙarami a kan na Dadin Kowa amma a tsakiyar duwatsu yake. A duk wannan yanki kar ka shiga ciyawa ko ka hau dutse da silifa. Ƙasar kububuwa ce, ba banza aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba.

Mai son tarihi ya yi arewa. Kusa da Bajoga ne Burmi take, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Yulin 1903. Ta hanyar Dukku kuma akwai Gombe Abba a bakin Gongola, tsohuwar hedikwatar masarautar da Buba Yero ya kafa, kafin a koma Nafada, daga bisani a dawo Gombe ta yanzu a 1919.

Kowanne daga cikin wuraren nan tafiyar yini guda ce, a fita da hantsi ko da sassafe, a yi la'asar a gida. Doguwar tafiya, wadda mutum zai yi shi kaɗai zuwa wata jiha, wani karatu ne daban.

A fara da doka. Littafin ƙa'idojin hanya na Najeriya ya ƙayyade wa babur gudun kilomita 50 a awa, cikin gari da wajen gari. Na san masu babur da yawa za su yi murmushi, amma ƙaramin inji mai cc 100 ko 125 da aka matsa masa awa da awa a ƙarshen ƙarfinsa, zafi zai yi, kuma birkinsa ba na babban gudu ba ne. To a yi lissafi da hamsin ɗin. Gombe zuwa Bauchi wajen kilomita 150 ne, awa uku ke nan ba tsayawa, huɗu in an haɗa da shan mai da salla da shingen jami'an tsaro. Yola ta Kaltungo da Cham da Numan ta kai kilomita 250, yini ne sukutum. Kano ta Dukku da Darazo da Birnin Kudu ta doshi kilomita 400, kuma duk wanda ya ce zai yi ta a ƙaramin babur a rana ɗaya, dare zai same shi a hanya. A Gombe rana tana faɗuwa tsakanin shida saura da bakwai saura, gwargwadon watan da ake ciki. Ka sa a ranka cewa ƙarfe biyar ta same ka a masauki.

Kada a ɗauka rashin babban babur ne ya kawo wannan. Kunle Adeyanju, ɗan Najeriyar da ya taso daga Landan ranar 19 ga Afrilun 2022 don faɗakarwa kan cutar shan inna, ya iso Legas ranar 29 ga Mayu a kan babbar Honda, bayan ya ci fiye da kilomita 12,000. In ka raba wannan a kan kwana 40, kusan kilomita 300 ne a rana. Tun kafin shi Olabisi Ajala ya zaga ƙasashe da dama na Turai da Asiya a kan 'yar Vespa, har ya rubuta littafi a 1963. Babu ɗayansu da ya isa inda ya isa da gaggawa.

Dalilin guje wa tafiyar dare a bayyane yake ga duk wanda ya san hanyoyinmu. Fitilar ƙaramin babur ba ta haska rami sai an zo kansa. Tirelolin siminti na Ashaka da masu dakon kwal daga Maiganga suna bin hanyoyin nan, kuma direban tirela da ke kauce wa rami ba ya lissafi da mai babur. Ga mota mai ido ɗaya da za ka ɗauka babur ce ɗan'uwanka, ga wadda ta lalace aka bar ta a kan kwalta da 'yan ganyaye a bayanta, ga garken shanu na tsallakawa. Sannan ga sha'anin tsaro, wanda ke canzawa daga wata zuwa wata. Kafin ka nufi Yankari ta Alkaleri da Dindima don wankan ruwan ɗumi na Wikki, ko Tafkin Tila da ke yankin Biu, ka je tasha ka tambayi direbobin da suka biyo hanyar jiya. Matambayi ba ya ɓata, kuma labarin direban haya ya fi na waya sabunta.

Wani abin da mutanen Gombe kan manta, saboda a gida babur na yawo ko'ina, shi ne ba kowane gari ne ke maraba da shi ba. An hana hawa babur a Maiduguri tun 2011. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, Jos da Yola ma suna da nasu dokokin, wasu wuraren kuma akwai lokacin da ba a yarda babur ya motsa ba. Ka bincika dokar garin da za ka kafin ka taso. Ka riƙe lasin ɗinka na tuƙa babur, da takardun babur, da rasit ɗin saye, da katin shaidar ɗan ƙasa, lamba kuma a manne inda ake gani. Baƙo shi kaɗai a kan babur da jaka ɗaure a baya dole a tambaye shi, kuma amsa cikin ladabi ta fi saurin buɗe shinge.

Shi babur ɗin, kwana biyu kafin tafiya ka kai wa bakanikenka, ba ranar tafiya ba, don ka samu damar gwada aikin a cikin gari. A yi juyen baƙin mai, a duba birki gaba da baya, a ɗaure sarƙa a sa mata mai, a duba fitila da madubi, wanda samari ke cirewa wai don ado. Tayar da ta suɗe a canza ta. Ka tafi da tub guda, da filogi, da wayar kuloci, da sifana da famfon hannu. Ba kowane ƙauye ke da mai faci ba, inda yake kuma ba lalle ya samu tub daidai tayarka ba. Kar ka bari tanki ya sauka ƙasa da rabi, don kada ka koma ga 'yan bumburutu da man da ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Kaya a ɗaure su tamau a baya, babbar riga kuma a naɗe ta a jaka, domin gefenta na iya shiga sarƙa ko taya.

Sai hular kwano. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa ta a farkon 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka don su ruɗi jami'ai, aka yi ta dariya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kirki, in an ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na mummunan rauni a ka kuma da kusan kashi 70. Hular leburori ta gini ba ta cikin wannan lissafi. A haɗa da takalmi rufaffe da safar hannu da riga mai kauri ko da ana zafi.

Gajiya ita ce abokiyar gabar mai tafiya shi kaɗai, don babu mai yi masa hira balle ya ankarar da shi. Bayan kowace awa ɗaya da rabi ka sauka, ka sha ruwa, ka taka ƙasa, injin ma ya huce. Lokutan salla sun isa su tsara maka hutu, kuma in tafiyar ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, ƙasaru ta halatta a mazhabar Malikiyya; ta Dadin Kowa dai ba ta kai ba. Ka guji ƙwayoyin hana barci da na ƙarin ƙarfi, ido a buɗe suke barin sa alhali hankali ya tafi. In dole ta sa ka kwana a ƙauye, ka nemi gidan mai unguwa ko dagaci ka gabatar da kanka tun da sauran haske.

Kafin ka tayar da babur, ka gaya wa wani a gida hanyar da za ka bi da garin da za ka kwana, ku yi alkawarin za ka kira shi a kowane babban gari, don in shiru ya yi yawa ya san inda zai fara nema. Ka rubuta sunanka da lambar wani ɗan'uwa a takarda ka sa a aljihu, tunda waya na iya fashewa ko ta kulle. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112; ka adana su a wayarka tun yau.