Mutanen Gwiwa da Littafin Shaihu Umar

Kwanan baya wata lalura ta kai mu ƙasar Kazaure, muka kwana huɗu a Gwiwa, can wajen iyakar Jihar Jigawa da ta Katsina. Mai masaukinmu tsohon malamin makaranta ne wanda ya daɗe da barin aiki. Al'adarsa ce in an gama aikin kaka, hatsi ya shiga rumbu, bayan sallar lisha sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaurensa, ya sa wani yaro mai murya ya riƙa karanta littafin Hausa, jama'a na saurare. Mun kuwa yi gamon katar, domin daren da muka sauka shi ne daren da aka buɗe Shaihu Umar, na marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da muka ji daga bakin masu sauraron nan shi muke so mu kawo wa masu karatunmu, don mun daɗe ba mu ga inda aka zauna aka auna aikin marubuci haka ba, da yabo da suka duk a kan tabarma ɗaya.

Bari mu fara tuna wa jama'a asalin littafin. A cikin 1933 Dakta East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labaru na ƙirƙira da Hausar boko, aka sa gasa. Ba da sauƙi ya shawo kansu ba, gama a wancan zamani malami yana ganin alƙalami na ilmin addini ne, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Cikin waɗanda suka amsa kira akwai Malam Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, da wansa Malam Bello Kagara da Ganɗoki, da Malam Muhammadu Gwarzo da Idon Matambayi. Akwai kuma wani saurayi ɗan Bauci, haihuwar 1912, wanda a shekarar nan ya fito daga Kwalejin Katsina ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Bauci. Shi ne mai Shaihu Umar, aka kuwa buga shi a 1934. Watau yana da shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta shi, ba wanda ya san shi ne zai zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957.

Labarin kansa ba mai tsawo ba ne. Wani shehin malami ne a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. An haife shi a Kagara, maraya. Uwarsa ta auri wani bafade, Makau, wanda mahassada suka yi wa ƙazafi bayan an komo daga harin bayi, sarki ya kore shi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, kafin ta komo an sace yaron. Daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Ita kuwa uwar ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka sayar, ta sha wuya a Murzuk, ba su sadu ba sai a Tarabulus, inda ta gan shi da idonta, sa'an nan ta cika.

To, a nan ne muka ga abin da ya ba mu mamaki. Mu a zatonmu maza ne kaɗai ke saurare, ashe matan gidan da na maƙwabta suna zaune daga bayan katanga, ba abin da ya wuce su. Daren da aka kai wurin rasuwar uwar, sai da yaron ya dakata da karatu, saboda shesshekar da ke fitowa daga cikin gida. Da gari ya waye wata gyatuma, yayar mai masaukinmu, ta aiko aka kira mu. Bayan mun gaisa sai ta ce tana da ƙara a kan mai littafin nan. Ƙararta kuwa ita ce, ya yi kuskuren suna. A ganinta Umaru bai yi kome ba sai dai a ɗauke shi nan a ajiye can, wadda ta yi tafiyar da ƙafarta, da ganin damarta, ita ce uwar, sabo da haka da sunanta ya kamata a kira littafin. Sa'an nan ta ce amma duk da haka Allah ya yi masa rahama, don namijin da ya san zafin ɓatan ɗa kamar haka, lalle uwarsa ta yi masa tarbiyya. Mun karanta sharhin masana da yawa a kan littafin nan, amma ba mu tuna wanda ya fi wannan kama jijiyar labarin ba.

Ba abin mamaki ba ne labarin ya taɓa mutanen wannan yanki fiye da yadda zai taɓa waɗansu. Wanda ya dubi taswira zai ga ƙasashen Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura suna tsakanin Kano da Daura da Damagaram ne, arewa kuwa ita ce mafuskantar ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Agadas da Tarabulus. Sun ga yaƙin Ɗantunku da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon sarauta a 1819, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Sun kuma ga hare-haren da suka wakana tsakanin Damagaram da Kano a ƙarshen ƙarni na 19. Inda duk aka yi yaƙi a zamanin nan, an kama mutane. Har ila yau ya kamata a tuna, dokar Gwamna Lugga ta 1901 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar nan ta 'yanta, ba a soke bauta ɗungum a dokar Arewa ba sai 1936. Ashe ke nan sa'ad da littafin ya fito a 1934, cikin masu jin karatunsa akwai waɗanda da kansu aka kora a igiya. Saurayin malamin nan ba tsohon zance ya tono ba, gyambon da bai warke ba ya taɓa.

Ba yabo kaɗai muka ji ba. Wani saurayi mai karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Husaini Adamu da ke Kazaure ya ce shi abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda marubucin ya bar Abdulkarim ya fita da farin tufa. Mutumin nan fa fataucin bayi yake yi, don ya ji ƙan yaro ɗaya, ina sauran da ya kora cikin rairayi? Ya kuma ce haƙurin Umaru ya yi yawa, ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba. Wani dattijo ya amsa masa da cewa ai nan ne gaskiyar littafin take, gama a zamanin nan mutumin kirki ma yana sayen bawa bai ga laifin kansa ba, da an mai da Balaraben nan dodo da kowa ya ce ai ni ba haka kakana yake ba. Aka yi ta ja har dare ya raba. Mu dai muna ganin dattijon ya fi kusa, ko da yake ba mu ce saurayin ba shi da hujja ba. Marubucin bai tsaya yin wa'azi ba, ya nuna ayari da ƙishirwa da kasuwa, ya bar mai karatu ya yanke hukunci. Ga shi kuwa bayan shekara casa'in ana nan ana yankewa a Gwiwa.

Akwai kuma tambayar da ba a rasa ta a irin wannan zama, watau shin da gaske an yi Shaihu Umar? Mai masaukinmu ya yi musu bayani mai kyau. Ya ce mutanen ƙagaggu ne, amma garuruwan da hanyar da zamanin na gaskiya ne. Fatika da Maƙarfi suna nan a ƙasar Zazzau, Murzuk da Tarabulus suna nan a Libiya, Rabe da aka ambata wajen ƙarshen labarin kuwa Faransawa sun kashe shi a 1900. Ya ce haka Ganɗoki yake daga farkonsa, inda Malam Bello Kagara ya kawo faɗuwar Kwantagora a 1901 da yaƙin Burmi na 1903, sai dai shi daga baya ya saki linzami ya shiga ƙasar aljannu.

Abin da ya sa jikin kowa ya yi sanyi shi ne da muka ba su labarin irin girman da littafin ya samu daga baya. Wani Bature masanin Hausa, Mervyn Hiskett, ya juya shi da Ingilishi a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2016 aka gano shi a Ikko, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Duk wannan mai littafin bai ga ko ɗaya ba, domin an kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966. Yaran da ke wurin kuwa da yawansu a jikin takardar naira 5 kaɗai suka san fuskarsa, ba su taɓa jin cewa marubuci ne ba sai a wannan mako.

Daga nan mai masaukinmu ya kawo kukansa. Ya ce a da, tun da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, mai karatu in abu ya yi masa daɗi ko ya ɓata masa rai sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa edita. Yanzu ga waya a hannun kowa, saƙo ba ya kwana a hanya, amma sai mutum ya karance littafi ya ajiye bai ce wa mai shi ko sannu ba. Ya ce marubutan Hausa masu rai suna nan a Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi, yabon gwani kuwa ya zama dole, gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba. Jama'ar wurin suka roƙe mu mu isar da saƙonsu ga marubutan, cewa suna marmarin ganin an ɗauki zamanin Ɗantunku da ɗansa Dambo an gina labari a kansa, yadda ɗan Bauci ya yi da zamanin bauta, tun tsofaffin da suka ji daga bakin kakanninsu suna da rai. Sun ce wanda duk ya zo tambaya, zaure a buɗe yake. To, ga shi mun isar.

Daren ƙarshe da aka rufe littafin, gyatumar nan ta aiko daga cikin gida ta ce tun da wasiƙa ba ta zuwa inda mai littafin yake, a yi masa abin da zai same shi. Liman ya ɗaga hannu aka yi wa Malam Abubakar addu'a, aka haɗa da Malam Bello Kagara, don littafinsa ne aka shirya buɗewa a daren da ke biye. Mu kuwa da asuba muka kama hanyar Kano. Allah ya jiƙansu, amin.