GIRKA REDIYON OBA-OBA A MOTAR SHIGA DAJI

1.0 Gabatarwa

A yau wayar salula ta zama ruwan dare a birni da ƙauye, har wasu na ganin babu sauran wata hanyar sadarwa da ake bukata. Sai dai wayar salula ba ta aiki sai da turakun sadarwa da kamfanoni suke kafawa. Da zarar matafiyi ya yi nisa da turke na ƙarshe, wayar da ke hannunsa ba ta da wani amfani in ban da duba lokaci. Irin wannan hali ne direbobin da ke ratsa hamadar Tenere tsakanin Agadas da Bilma suke shiga, tafiyar da ta haura kilomita 500 cikin rairayi. Haka ma ma'aikatan gandun daji da na lafiya da na ƙungiyoyin agaji da masu binciken ma'adinai. A irin waɗannan wurare, lalacewar mota na iya zama sanadin asarar rai. A watan Oktoba na shekarar 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace.

Wannan ya sa masu shiga daji da hamada suke girka rediyon oba-oba a motocinsu. Abin da wannan bayani zai nuna shi ne, ingancin irin wannan rediyo ya fi dogara ga yadda aka girka shi fiye da tsadarsa. Rediyo mai araha da aka ba wutar kirki da eriyar kirki ya fi mai tsada da aka ɗaura da gaggawa.

2.0 Ma'anar Rediyon Oba-oba

Akwatin rediyon da muka saba da shi a gida karɓar magana kawai yake yi. Shi kuwa rediyon oba-oba yana karɓa, yana kuma aikawa. Ba ya bukatar turken wani kamfani, domin magana tana tashi ne kai tsaye daga eriyar wannan mota zuwa eriyar waccan. Ba a sa masa kati, kuma duk motocin da ke cikin ayari suna jin magana a lokaci guda. 'Yan sandan birnin Bayonne na ƙasar Amurka suna cikin waɗanda suka fara amfani da shi a mota, a shekarar 1933.

Sunan da Hausawa suka ba wannan na'ura ya samo asali ne daga yadda take aiki. Mutum biyu ba sa magana a lokaci guda. Mai magana yakan danna madannin da ke jikin makirfo, in ya gama ya saki, sannan ɗayan ya amsa. Saboda haka akan rufe kowane zance da wata kalmar Ingilishi mai nufin an gama, ana sauraro. Da Bahaushe ya yi ta jin wannan kalma a bakin sojoji da 'yan sanda, sai ya daidaita ta da tsarin furucinsa, ya ninka ta, ta zama sunan na'urar.

3.0 Zaɓen Irin Rediyon da ya Dace

Kafin a sayi rediyo, wajibi ne a san nisan da ake son magana ta kai. Ana auna zangon rediyo da megahaz, kuma iri uku ne aka fi girkawa a mota:

(a) HF, daga megahaz 3 zuwa 30. Wannan shi ne gajeren zango da masu sauraren tashoshin ƙetare suka sani. Saƙonsa yakan tashi sama ya bugi wani rufin iska mai ɗauke da lantarki, wanda masana ke kira ayonosfiya, ya dawo ƙasa a can nesa. Ta haka magana take kai ɗaruruwan kilomitoci, wani lokaci dubbai. Irinsa ne ake gani a fararen motocin agaji ƙirar Toyota Land Cruiser masu kakkaurar eriya a gaba. Kamfanonin Codan da Barrett na ƙasar Ostareliya sun shahara wajen ƙera shi.

(b) VHF, daga megahaz 30 zuwa 300. Saƙonsa a miƙe yake tafiya kamar haske, don haka tudu ko dutse na iya tare shi. Ya dace da fili da saƙo-saƙon daji.

(c) UHF, daga megahaz 300 zuwa 3,000. Shi ma a miƙe yake tafiya. Eriyarsa gajera ce, kuma ya fi amfani tsakanin gine-gine da motocin da ke bin juna.

Tun da duniya a dunƙule take, motoci biyu masu VHF ko UHF da eriyoyinsu ke bisa tsayin mita 2 ba su cika jin juna ba in tazararsu ta wuce kimanin kilomita 12 a shimfiɗaɗɗen fili. In ɗaya ta hau tudu, nisan yakan ƙaru sosai. Ke nan, ayarin da ke son magana tsakanin motocinsa VHF ko UHF ya ishe shi. Wanda kuwa yake son ya kira Agadas daga tsakiyar hamada, sai HF.

Haka kuma, zangon rediyo ba na kowa da kowa ba ne. A Nijeriya hukumar sadarwa ta NCC da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ne suke ba da izinin amfani da shi, a Nijar kuwa hukumar ARCEP. Wajibi ne a nemi izini kafin a girka, a kuma riƙa tafiya da takardun a cikin mota, musamman a yankunan da ake fama da matsalar tsaro.

4.0 Matakan Girkawa

4.1 Mazaunin Akwatin Rediyo

Motar daji kullum cikin gargada da ƙura take. Saboda haka ana ɗaure akwatin rediyo da noti a jikin ƙarfe, ba a ajiye shi sakaka ba. Akwatin da ba a ɗaure ba yana iya tashi ya raunata mutum in mota ta yi tsalle. A zaɓi wurin da direba zai iya kai hannu ba tare da ya ɗauke ido daga hanya ba, wanda kuma ba zai tare giya ko birkin hannu ba. Kada a sa shi a gaban jakar iskar da ke fitowa lokacin haɗari. Rediyo yana ɗaukar zafi in ana magana, don haka a bar masa sarari ta baya inda iska za ta riƙa ratsawa, a kuma kauce wa inda rana take dukansa kai tsaye. Motar da ke tsallaka rafi ba a sa mata rediyo a ƙasan kujera, domin nan ruwa yake fara taruwa.

4.2 Haɗa Wuta

Batir ɗin yawancin ƙananan motoci bolt 12 ne, kuma yakan kai wajen 14 in inji na aiki. Rediyon VHF mai ƙarfin wat 50 yana jan wutar da ta kai amfiya 10 ko fiye lokacin magana, na HF mai wat 100 kuwa yana jan wajen amfiya 20. Soket ɗin da ake cajin waya a mota ba a yi shi don irin wannan nauyi ba. Saboda haka ana jawo wuta kai tsaye daga batir da waya mai kauri. Siririyar waya takan yi zafi, ta kuma rage ƙarfin wutar kafin ta isa rediyo.

Jar waya tana zuwa kan batir mai alamar tarawa. Baƙar waya kuwa ana ɗaure ta a ƙarfen jikin mota kusa da batir, bayan an kankare fenti da tsatsa. Abu mafi muhimmanci a nan shi ne fis. Ana sa shi a jikin jar waya dab da batir, kada tazarar ta wuce kamu ɗaya zuwa biyu. Dalili kuwa shi ne, in gargada ta sa wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ɗin zai ƙone ya yanke wuta. In babu shi, ko kuma yana can kusa da rediyo, wayar ce za ta kama da wuta, mota ta bi bayanta. Inda waya za ta ratsa bangon da ya raba inji da mazaunin direba, a bi da ita ta hujin da ke da roba a bakinsa. Manyan motoci da dama batir ɗinsu bolt 24 ne, don haka sai an sa na'urar rage wuta, in ba haka ba rediyon zai ƙone nan take. Kafin a fara duk wannan aiki, a cire kan batir mai alamar ɗebewa.

4.3 Kafa Eriya

Eriya ita ce bakin rediyo, ita ce kuma kunnensa. Tsawonta ba ado ba ne, lissafi ne. Saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. In aka raba 300 da adadin megahaz, za a sami tsawon zangon a mita, kuma eriyar da aka fi sani rubu'in wannan tsawo ce. Misali, a megahaz 150 tsawon zango mita 2 ne, eriya kuwa santimita 50. A megahaz 450 ba ta wuce santimita 17 ba. Wannan ne ya sa ba a ɗaukar eriyar wani rediyo a sa wa wani. Shi kuwa HF, da yake zangonsa na da tsawo ƙwarai, akan haɗa eriyarsa da na'urar da ke daidaita ta da kanta duk lokacin da aka sauya tasha.

Irin wannan eriya rabin aiki take yi, ƙarfen jikin mota ne yake cika ɗaya rabin. Don haka wurin da ya fi dacewa da ita shi ne tsakiyar rufin mota, inda take da tsayi, ƙarfe kuma ya kewaye ta ta kowane gefe. In an kafa ta a bamba ko gefen bonet, jikin mota zai tare wani sashe na saƙon. Duk da haka, masu shiga kurmi sukan zaɓi bamba saboda rassan itatuwa, haka ma masu eriyar HF saboda nauyinta. A irin wannan hali sai a tabbatar gindin eriyar ya haɗu da tsuran ƙarfe, kanta kuma ya zarce rufin mota. Ana sa mata sifirin a gindi domin ta lanƙwasa in ta bugi reshe, ba ta karye ba. Eriya mai gindin maganaɗisu ta wucin gadi ce, gargada takan yar da ita.

4.4 Bi da Igiyar Eriya

Igiyar da ke haɗa rediyo da eriya ta musamman ce. Tana da waya a tsakiya da saƙaƙƙen ƙarfe a kewaye. Ba a lanƙwasa ta da ƙarfi, ba a bari ƙofa ta matse ta, ba a kuma yi mata ƙari da wayar lantarki. A nisanta ta da salansa saboda zafi, da kuma wayoyin fulogi saboda ƙarar da suke jefawa cikin magana. A ɗaɗɗaure ta a kan hanyarta don kada ta riƙa gogar ƙarfe. Mahaɗinta na waje kuwa a naɗe shi da kyau, domin ruwa ko raɓa in sun shiga igiyar sukan lalata ta a hankali ba tare da an lura ba.

4.5 Gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan an gama haɗawa, ana fitar da mota fili, nesa da gine-gine, a rufe ƙofofi, a sa ma'aunin da ake kira SWR tsakanin rediyo da igiyar eriya. Wannan ma'auni yana nuna yawan ƙarfin da ya kasa fita ta eriya ya komo cikin rediyo. In ya nuna 1.5, kashi 4 cikin ɗari ne kawai yake komowa, aiki ya yi kyau. In ya nuna 2, kimanin kashi 11 ne. In ya kai 3, rubu'in ƙarfin ne yake komowa, wanda zai iya ƙona rediyon. Gyaran yakan kasance rage tsawon eriya ko ƙara shi kaɗan-kaɗan, ko kuma sake duba haɗuwar gindinta da ƙarfe. Daga nan sai a gwada magana da wata mota, da inji a kashe da kuma a kunne. In aka ji wani kuka mai tashi da sauka tare da totur, to daga na'urar cajin batir yake, kuma akwai matatar da ake sa wa wayar wuta don kawar da shi.

5.0 Hattara da Kulawa

Ba a danna madannin magana in ba a haɗa eriya ba. Ba a taɓa eriya lokacin da ake magana, musamman ta HF, domin tana ƙuna. Ba a aika saƙo ana zuba mai. Direba mai doguwar eriya ya kula da wayoyin lantarki in ya shigo gari. In mota ta tsaya a daji, a taƙaita magana, domin rediyo na iya shanye batir har mota ta kasa tashi. Wannan ya sa motoci da yawa suke da batir na biyu. Kafin kowace tafiya a duba notuna da fis da mahaɗai, a tanadi fis na sauyi, a kuma yi yarjejeniya da mutanen gida a kan tashar da za a haɗu da lokutan kira. Ta haka, in lokacin kira ya wuce ba a ji ɗuriyar matafiya ba, shirun kansa ya zama saƙo.

6.0 Kammalawa

An ga cewa girka rediyon oba-oba ya ƙunshi zaɓen zangon da ya dace da nisan tafiya, da samun izini, da kafa akwati a wuri amintacce, da jawo wuta ta hanyar fis, da kafa eriya bisa lissafi, sannan gwaji. Kuskure a ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba ya bayyana a garejin mai wayarin, inda motoci suke dab da juna. Yakan bayyana ne a tsakiyar daji, ranar da ake neman agaji. Shi ya sa ake yin aikin a natse tun ana gida.

7.0 Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin wayar salula da rediyon oba-oba.
2. Yi bayanin asalin kalmar oba-oba, sannan ka kawo wasu kalmomin aro guda biyar daga cikin wannan bayani.
3. Me ya sa ake sa fis dab da batir?
4. Lissafa tsawon eriyar da ta dace da rediyo mai aiki a megahaz 100.
5. Wane irin rediyo ne ya dace da motar da za ta ratsa hamada ita kaɗai? Kawo dalili.