In Hannun Famfo Ya Cije, Kada A Sa Masa Ƙarfi

A ƙarshen rani, wajen watan Maris zuwa Afrilu, sa'ad da rafuka suka janye, rijiyoyin gida kuma suka koma laka, babu abin da ya kai famfon tuƙa-tuƙa daraja a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Kauru ta Jihar Kaduna. Daga Geshere zuwa Kwassam, daga Damakasuwa zuwa Pari, tun da asuba ake jera bokitai da jarkoki a bakinsa. To, a daidai wannan lokaci ne kuma famfon ya fi yin gardama. Wata rana mace za ta kama hannunsa ta danna, ta ji ya cije, ba ya sama ba ya ƙasa. Abin da yakan biyo baya sananne ne, watau a kirawo samari biyu ko uku majiya ƙarfi su rataya a jikin hannun. Sau da yawa a nan ne ƙaramin ciwo yake zama babba.

Kafin a gane ciwon, tilas a san abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Famfon da ya fi suna a duniya shi ne India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya cikin shekarun 1970 da taimakon hukumar UNICEF. Ya bazu a Afirka daga 1981 zuwa 1990, shekaru goman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin ruwan sha da tsabta. A nan gida kuwa, hukumar raya karkara ta DFRRI, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1986, ta haƙa rijiyoyin burtsatse da dama a ƙauyuka.

Yadda yake aiki ba wani boyayyen abu ba ne. Hannun yana juyawa a kan boris, a ƙarshensa akwai gajeriyar sarƙa, ita kuma tana riƙe da siririyar sandar ƙarfe mai kaurin milimita 12. Sandar tana bi ta cikin bututu har ƙasa, inda silinda take nutse cikin ruwa. A cikin silindar akwai fistin mai ɗauke da zoben fata ko na roba, a gindinta kuma akwai bawul da ke hana ruwa komawa rijiya. Bututun da sandar duka gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa mita 3, an ɗaura su da juna.

Makaniken da ya san aikinsa daga sama yake farawa, domin nan ne gyara ya fi araha. Zai kwance murfin kan famfon ya duba sarƙa, ko ta bushe ta yi tsatsa, ko ta naɗe. Zai duba boris, ko ya farfashe ya riƙe hannun. Idan idanu ba su nuna kome ba, sai ya riƙe sandar da maƙalli, ya raba ta da sarƙar, ya motsa hannun shi kaɗai. In har yanzu yana cije, alhamdu lillahi, ciwon na sama ne, sifana da giris da sabon boris sun isa. In kuwa ya saki, to, ciwon yana can ƙasa.

A ƙasa, babban abin zargi shi ne yashi. Ƙasar Kauru, kamar yawancin kudancin Kaduna, tana kan dutse ne mai tauri, ruwan da ake samu yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke bisansa da kuma tsagogin da ke jikinsa. Idan ba a wanke rijiya sosai ba bayan haƙa, ko matatar da ke jikin bututun rijiyar ta fashe, tsakuwa da yashi za su riƙa shiga silinda har su danne fistin. Irin wannan ba ya zuwa ba sallama. Kwanaki kafin famfon ya cije, ruwan yakan gurɓace, a ga yashi ya kwanta a gindin bokiti. Matan da ke ɗiban ruwa su ne suke fara gani, amma ba safai ake tambayarsu ba, kuma wannan hasara ce. Bayan yashi akwai zoben fata da ya kumbura, da sandar da ta lanƙwashe tana gugar bututu, da kuma tsatsa, wadda alamarta ita ce jan ruwa da safe mai ɗanɗanon ƙarfe. Duk cikinsu babu wanda ƙarfi yake warkarwa. Sai dai sanda ta tsinke a mahaɗa, ko yashi ya kankare cikin silindar, aikin da zoben roba ɗaya zai gama ya koma sayen sabuwar silinda.

Akwai kuma akasin haka, hannu ya yi sakwaf yana lilo, ba ruwa. Wannan ko dai sanda ta kwance, ko zoben ya cinye, ko kuwa ruwan rijiyar ya sauka ƙasa da silinda saboda rani. Littattafan gyaran famfo sun ba da gwaji biyu da kowa zai iya yi tun famfo yana da lafiya. A yi tuƙi 40 cikakku a cikin minti ɗaya, ya kamata a sami kimanin lita 15. Sa'an nan a bar shi ya huta minti 30 a sake tuƙawa, in sai an wuce tuƙi 5 kafin ruwa ya fito, akwai yoyo a bawul ko a mahaɗar bututu.

Wurin da ya fi hatsari shi ne ciro bututu. A India Mark II ba a kai wa ga silinda sai an zaro bututun gaba ɗaya, gaɓa bayan gaɓa, ga nauyin ƙarfe ga na ruwan da ke ciki. Aikin mutum huɗu ne ko biyar, da maƙallai na musamman. In hannu ya suɓuce, bututu da sanda da silinda duka sai gindin rijiya, kuma ba kullum ake dacewa da ƙugiya ba. Wani lokaci rijiyar ke nan an rasa ta. Saboda wannan ne aka ƙera India Mark III da kuma Afridev, wanda aka fara gwadawa a Malawi da Kenya cikin shekarun 1980. A waɗannan, ana zaro fistin da bawul ta cikin bututun ba tare da an taɓa shi ba. Su ne Nijeriya ta zaɓa ta sa musu suna RUWATSAN 1 da RUWATSAN 2. Ya kamata mutanen kowane ƙauye su san wane iri ne nasu, don kada a yi doguwar tafiya zuwa Kafanchan ko Kaduna a komo da kayan da ba su shiga ba.

Amma fa duk wannan sani ba ya amfani in babu mai famfo. Sabuwar rijiya tana da bikin buɗewa, da jawabai da tafi, shafa wa sarƙa giris kuwa ba shi da biki. Inda aka kafa kwamiti, ana tara ɗan kuɗi a kai a kai, an ajiye zoben roba da boris tun kafin a bukace su, gyara kwana ɗaya ne ko biyu. Inda aka ce famfon na gwamnati ne, sai a yi watanni ana jira, mata da 'yan mata su koma kududdufi, wasu har su makara makaranta.

Masu shekaru sun san abin da kududdufi yake haifarwa. Binciken da aka fara a 1988 ya sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, kuma sai a Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da cutar a ƙasar nan. Kurkunu ya tafi, amma amai da gudawa da taifot suna nan. Don haka ranar da hannun famfo ya cije, a ɗaure shi da sarƙa a sa kwado don kada yara da majiya ƙarfi su taɓa, a aika wa makanike da bayanin yadda ruwan ya kasance a kwanakin baya, ruwan da aka ɗebo a rafi kafin ya iso kuma a tafasa shi.