Kafin a sayi Quaker Oats, a duba tukunyar koko

Da sanyin safiya a Rigachikun, masu koko da ƙosai ne ke riga kowa fitowa bakin titin Kaduna zuwa Zariya, direbobi da leburori da 'yan makaranta na miƙa kofuna. Amma a gidaje da yawa, da zarar likita ya ce maigida yana da hawan jini ko ciwon suga, sai a ture koko gefe a nemo gwangwanin Quaker Oats, wai shi ne karin kumallon masu lafiya. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuwa, irin waɗannan kayan kanti suka fi ƙarfin mai ƙaramin albashi.

Hatsin Turawan nan yana da amfani, ba a musu. Ana cin ƙwayarsa ce da dusarta, ita kuma dusar tana rage kitsen jini, tana sa abinci ya narke a hankali. To gero da dawa da acca ma Allah bai hana su dusa ba. Mu ne muke surfe su, mu jiƙa, mu niƙa, mu tace gasara har sai ta yi laushi, sannan mu zuba wa awaki abin da ya fi amfani. Abin da ya rage a kofi kusan tsagwaron sitaci ne, ga sukari cokali uku. Mai ciwon suga ya sha wannan, ba a jimawa sugansa zai hau.

Gyaran ba shi da wuya. A wanke gero, a shanya, a niƙa shi gari da dusarsa tare da citta da kanumfari, a dama da kauri. A rage sukari sannu a hankali har baki ya saba, a haɗa da ƙosai ko alala ko dafaffen ƙwai. Acca, wadda ake nomawa a kudancin Kaduna da Filato, tana nuna cikin mintuna kaɗan, kuma faten acca da ganye ya fi ƙarfin a kira shi abincin talaka. Sai dai masu cewa acca maganin suga ce sun zarce. Hatsi ce, in an cika kwano za ta yi abin da hatsi ke yi. Shi kuwa kwastad da ake ɗauka abin gayu, sitacin masara ne da kala da ƙamshi.

Kunun gyaɗa yana da nasa haɗarin, kuma daga kasuwa yake farawa. Gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi tana yin fumfuna mai fitar da gubar da ake kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga sankara. Tafasawa ba ta kashe ta. A Kenya, cikin 2004, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Saboda haka kada arha ta ruɗi uwargida ta auno fasasshiyar gyaɗa. A zauna a tsince, duk wadda ta motse, ta canza launi ko take ɗaci a zubar, kada ma a ba kaji.

Sai kunun kanwa na masu jego. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a wannan yanki, suka danganta shi da yawan kanwa da wankan jego mai tsananin zafi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Iyayenmu mata da ke dama wa 'ya'yansu kunun kanwa don ƙauna suke yi, amma kunun gero da gyaɗa mai kyau ya wadatar. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ke yi mata wuya in ta kwanta, a daina ba ta kanwa, a kai ta asibiti ranar, kada a jira arba'in.