Tsofaffin surukai a gaban kotunan Indiya

A Indiya iyayen amarya ne ke kai dukiya gidan ango: kuɗi, zinariya, babur, wani sa'in har mota. Doka ta haramta hakan tun 1961, amma al'adar ba ta mutu ba, kuma alƙaluman hukuma na nuna mata sama da 6,000 ke rasa rayukansu duk shekara a kan rikicin wannan dukiya. Irin waɗannan mace-mace ne suka sa a 1983 aka ƙara sashe na 498A a kundin laifuka, mai ɗaurin har shekara uku ga miji ko danginsa da suka gallaza wa mace. Tun Yulin 2024 sashe na 85 na sabon kundi ya gaje shi.

Sai dai idan aure ya lalace, takardar ƙara kan yi kuɗin goro: uwar miji mai ciwon gwiwa, uban miji da ya yi ritaya a wani gari, har ƙanwar miji da aka aurar tuntuni. A shari'ar Arnesh Kumar ta 2014, Kotun Ƙoli ta hana 'yan sanda cafke mutum don kawai an ambaci sunansa. A ta Kahkashan Kausar ta 2022 kuwa, ta soke tuhumar surukai domin zargin na jimla ne, ba a ce wane ya yi kaza ba. Kotun ta yi daidai. Shari'a a can kan ci shekaru, kuma tsohon da ke sintiri zuwa kotu ya sha horo tun ba a kama shi da laifi ba.

Masu kare haƙƙin mata na cewa sau da yawa uwar miji ce ke riƙe da makullin akwatin zinariya, ita ke gorin cewa kayan ba su kai ba, kuma furfura ba ta wanke kowa. Da gaskiyarsu. Saboda haka ba shekarun wanda ake zargi ya kamata alƙali ya auna ba, abin da takarda ta ce ya aikata zai duba: a gidan yake zaune, me ya nema, yaushe, a gaban wa? Kotun Ƙoli ma ta taɓa zarce gona da iri a 2017, ta ce sai wani kwamitin iyali ya tace kowace ƙara, sannan ta janye a 2018, ganin shingen ya tare har matan da aka zalunta da gaske. Sauran aiki na wajen ɗan sandan da ke rubuta jawabi, ya tambayi mace ɗaya bayan ɗaya abin da kowa ya yi mata.